Ƙaramin filin jirgin sama a garin bakin teku: ba ya riba, amma rufe shi ba wasa ba ne

Duk lokacin da aka taso da maganar ƙaramin filin jirgin sama na wani gari da ke bakin teku, mutane gida biyu suke rabuwa, kuma kowa da tasa gaskiyar. Wasu su ce a rufe shi kawai a huta, kuɗin jama'a yake ci, jirgi biyu ko uku ne ke sauka a wuni, wata rana ma ma'aikata sun fi fasinjoji yawa. Wasu kuma su ce a'a, faɗaɗa shi za a yi, a ƙara tsawon titin jirgi, a gina sabon zauren fasinja, 'yan yawon buɗe ido su cika gari kowa ya samu. Ni dai a ganina duka ɓangarorin suna tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita, wato su wa filin nan yake yi wa aiki a watannin da babu baƙo ko ɗaya a garin.

Bari mu fara da kuɗi tunda a nan rigimar take. Filin jirgi ko da jirgi ɗaya tak yake karɓa a rana, akwai abubuwan da doka ba ta yarda a yi babu su ba. Dole a samu 'yan kwana-kwana da motocinsu a shirye duk lokacin da jirgin fasinja zai sauka ko zai tashi, kuma ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ICAO ita ce su iya kaiwa kowane ƙarshen titin cikin minti uku, an fi so ma minti biyu. Yawan motocin da ruwan da kumfar da za su ajiye ya danganta ne da tsawon jirgin da ke zuwa, ba da yawan mutanen da ke cikinsa ba, to ko fasinja biyar ne a jirgin nan shirin ɗaya ne. Ga masu binciken kaya, ga mai duba yanayi, ga mai magana da matuƙi ta rediyo, ga fitilun titi da janareta na ko-ta-kwana, ga shinge mai tsawon kilomitoci da sai an riƙa zagaya shi ana gyara. Babban fili yana raba wannan nauyin a kan miliyoyin fasinjoji har ba a jin sa, shi kuwa ƙarami 'yan dubban da yake samu su ne za su ɗauka, kuma ba zai iya ɗora musu duka a tikiti ba don in ya yi haka ba wanda zai hau.

Kuɗin shiga ma hanya biyu ce. Akwai abin da kamfanin jirgi ke biya na sauka da na kan kowane fasinja, sai kuma abin da ake samu a gefe, kuɗin fakin ɗin mota, hayar shaguna, masu ba da hayar motoci. Manyan filaye da wannan na biyun suke ƙiba, saboda mutum zai yi awa biyu yana jira yana kashe kuɗi. A ƙaramin fili kuwa fasinja zai iso saura minti arba'in, ya wuce bincike cikin minti biyar ya zauna, wanda hakan shi ne daɗin wurin a wajen matafiyi, amma a wajen mai riƙe da asusun filin ba komai ya shigo.

To duk wannan kowane ƙaramin fili yana fama da shi, ko a tudu yake ko a kwari. Abin da ya keɓanta na bakin teku, ɗauki taswira ka zana da'ira a kewayen filin, iya nisan da mutum zai yarda ya tuƙo mota don ya hau jirgi, a ce tafiyar awa ɗaya. In garin a tsakiyar ƙasa yake, duk da'irar nan ƙauyuka ne da garuruwa. In a bakin teku yake, rabinta ruwa ne, babu mai sayen tikiti a can. Wato tun kafin a kafa tubali an riga an rasa rabin kasuwa. Sauran rabin kuma, na can gefen da'irar sun fi kusa da babban filin da ke cikin ƙasa, inda jirage suka fi yawa tikiti ya fi araha, sai su wuce can abinsu. Daga nan abin ke zama zagaye: fasinja sun yi kaɗan, kamfani ya rage jirage ya ƙara kuɗi, mutane suka ƙara gudu, kamfani ya sake ragewa, har ranar da za a wayi gari ya ce ya tattara.

Sai kuma shi tekun kansa, wanda ba ya barin filin ya sarara. Iska mai ɗumi da laima in ta bi ta kan ruwa mai sanyi sai ta zama hazo, kuma irin wannan hazon ba kamar na safiya ba ne da rana ke kora, yana iya shigowa da rana tsaka ya rufe titin jirgi cikin 'yan mintoci alhali kilomita biyar a cikin gari sama tas take. Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa ƙasa, wadda ake kira ILS, a matakinta na farko tana kawo matuƙi zuwa ƙafa 200 daga ƙasa, in ya kai nan bai hango fitilun titi ba dole ya ƙara wuta ya koma sama, kuma ana buƙatar a iya hangen aƙalla mita 550 a kan titin. Matakan da suka fi wannan akwai su amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin fili, wasu ma ko na farkon ba su da shi. Yanzu dai saukar da tauraron ɗan'adam ke jagoranta ta kawo sauƙi sosai, don ba sai an kafa ƙarafa masu tsada a ƙasa ba, amma ita ma ba ta cire hazo, matuƙi sai ya ga titi da idonsa. Kuma illar ba a soke jirgi ɗaya take ba. Mutumin da ke da ganin likita ƙarfe goma a babban birni, in jirgin safe ya ba shi kunya sau biyu, karo na uku mota zai shiga tun dare, kuma da wuya ya sake dawowa.

Iska ma haka. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin yin zafi sai iska ta taso daga teku, da dare ta juya. Titin jirgi kuwa sau da yawa a kwance yake da gaɓa don nan ne kawai ake da fili shimfiɗaɗɗe, sai iskar ta riƙa dukan jirgi ta gefe, kuma kowane jirgi yana da iyakar da zai iya jurewa. In akwai duwatsu ko gangare mai tsayi kusa, abin ya ƙara ɓaci. Tsibirin St Helena da ke kudancin tekun Atilantika ya ga wannan. Gwamnatin Birtaniya ta kashe kimanin fam miliyan 285 ta gina musu fili, mutanen da ba su kai dubu biyar ba waɗanda a da sai sun yi kwana biyar a jirgin ruwa kafin su kai Cape Town. A 2016 da aka kawo Boeing 737 gwaji sai aka tarar iska tana sauya ƙarfi da alkibla farat ɗaya daidai wurin sauka, dole aka dakatar, sai a Oktoban 2017 jiragen fasinja suka fara zuwa daga Johannesburg da jirgin da bai kai wancan girma ba. Jaridu sun yi ta yi wa filin dariya, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun kafin fasinja su fara sauka, ƙananan jirage sun fara ɗaukar marasa lafiya daga tsibirin zuwa asibiti a Afirka ta Kudu cikin sa'o'i. Wanda ɗansa ne a cikin jirgin nan ba zai taɓa ce maka filin asara ba ne.

Gishiri kuma a hankali yake nasa aikin, shinge, fitilu, eriya, ƙarƙashin motocin kwana-kwana, komai tsatsa take ci da wuri, jiragen da ke yawan zirga-zirga a wurin ma sai an riƙa wanke injinsu akai-akai.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro tsuntsaye ne. Bakin teku gidansu ne, ga fadamu ga laka ga tashar masunta inda ake zubar da kayan cikin kifi, ga kuma masu ƙaura da ke yada zango dubbai a lokaci ɗaya. Shi ya sa da asuba kafin jirgin farko za ka ga mota tana bin titin a hankali da fitila a kanta, ma'aikaci yana duba kwalta ko wani ƙarfe ko dutse ya faɗi, in ya hango garken tsuntsaye sun kwanta a kan titi ya tsaya ya harba musu harsashi mai ƙara da tartsatsi ko ya kunna lasifika mai kukan tsuntsun da ke cikin wahala, su tashi, ya rubuta irinsu da yawansu da lokacin a littafi. Ciyawar gefen titi ma da gangan ake barin ta ta yi ɗan tsayi, don tsuntsu ba ya son zama inda ba zai hango abin da ke tahowa ba. Ana kuma so kada a yi juji cikin kilomita 13 daga fili. Duk wannan aiki ne da ba a gani, kuma shi ake fara ragewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Ranar 29 ga Disamba 2024 a filin Muan da ke gaɓar kudu maso yammacin Koriya ta Kudu, jirgin Jeju Air ya yi karo da tsuntsaye yana shirin sauka, ya dawo ya sauka a kan cikinsa babu taya, ya zarce ƙarshen titi ya daki wani tudu mai kankare da aka ɗora eriyar na'urar sauka a kai. Mutum 181 ne a ciki, biyu kawai suka rayu. An samu burbushin agwagin ruwa masu ƙaura a injinan biyu. Filin yana kusa da wuraren da tsuntsayen nan ke taruwa kowace shekara, kowa ya san da su.

To in haka ne me ya sa ba a rufe su duka? Saboda garin bakin teku sau da yawa shi ne ƙarshen hanya. Titi ɗaya ke shiga, layin dogo ɗaya in ma akwai, kuma tekun da ke damun filin jirgi shi ke damun su. A Fabrairun 2014 igiyar ruwa ta cinye katangar da ke riƙe layin dogo a Dawlish a kudu maso yammacin Ingila, layin ya yi ta reto a iska, Plymouth da duk yankin Cornwall suka yi kusan wata biyu babu jirgin ƙasa zuwa Landan. Plymouth kuwa ta riga ta rufe nata filin jirgin tun Disamban 2011, na Newquay ne ya rage a can Cornwall. A Japan ma da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Noto ranar 1 ga Janairu 2024, hanyoyi suka tsattsage garuruwa irin su Wajima suka yanke, titin filin jirgin Noto shi ma ya tsage amma aka lallaɓa shi cikin kwanaki jiragen soja suka fara kai agaji. Ba a fafe gora ranar tafiya, filin da aka bari ciyawa ta cinye ba ranar bala'i za a tashe shi ba.

Ƙasar da a ganina ta fi kowa fahimtar wannan ita ce Norway. Gaɓarsu duk duwatsu ne da mashigin ruwa, garin da kake hangowa a tsallake sai ka yi awanni kafin ka kai shi a mota. Daga 1968 suka fara gina ƙananan filaye masu titi na mita 800 kacal, kamfanin Widerøe yana bi da ƙananan jirage masu farfela yana sauka gari-gari kamar motar haya, ya ajiye mutum huɗu ya ɗauki shida ya tashi, wani zangon bai fi minti goma sha biyar ba. Ba su yi ƙaryar cewa filayen za su yi riba ba. Kamfanin gwamnati Avinor ne ke riƙe da filaye sama da arba'in, 'yan ƙalilan manya irin na Oslo da Bergen su ke kawo riba, da ita ake ɗaukar sauran. A ƙananan kuma mutum ɗaya shi ne ɗan kwana-kwana shi ne mai share ƙanƙara a titi shi ne mai korar tsuntsaye. Hanyoyin da ba za su biya kansu ba gwamnati ke fitar da kwangila, ta ce ga yawan kujerun da nake so ga iyakar kuɗin tikiti, kamfanin da ya ci ta cika masa gibi, a Afrilun 2024 ma suka rage iyakar kuɗin tikitin nan da rabi. Amurka tana da irin nata tsarin tun 1978 lokacin da ta sakar wa kamfanonin jirage mara, don an san za su gudu daga ƙananan garuruwa. Sikotilan ma haka, har akwai tsibirin Barra inda jirgin Loganair mai kujera 19 ke sauka a kan yashin bakin teku, ana tsara lokacin tashinsa da janyewar ruwa don in teku ya cika titin ma ba ya nan.

Ka kwatanta wannan da filin Castellón a gaɓar gabashin Sifaniya. An kashe kusan yuro miliyan 150, aka yi bikin buɗewa a Maris 2011 babu jirgi ko ɗaya babu ma izinin sauka, sai a Satumban 2015 jirgin fasinja na yau da kullum ya fara zuwa. Lissafin da aka yi na baƙi ne, na otal-otal da gidajen hutu da ake sa ran za a gina, alhali filin Valencia yana nan tafiyar awa ɗaya ko makamancin haka. A 2014 masu binciken kuɗi na Tarayyar Turai suka duba filaye 20 da aka gina ko aka faɗaɗa da kuɗin tarayyar a ƙasashe biyar, suka ce a yawancinsu kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, an yi gini ya fi buƙata kuma filayen sun yi kusa da juna.

Nan ne nake ganin tarkon yake. Baƙon hutu wata uku ko huɗu yake zuwa, kuma a jirgi mai kujera 189 yake zuwa, wanda ke son titi na kusan mita 2,000 ko fiye, da 'yan kwana-kwana masu mataki sama da na jirgi mai farfela, da zaure da zai ɗauki mutum ɗari biyu lokaci guda. In ka gina don shi, sauran wata takwas kai za ka yi ta biyan wuta da albashi da gyara. Kamfanonin tikiti mai araha kuma sun san kai ke buƙatarsu, sai su ce a rage musu kuɗin sauka, a ba su kuɗin talla, in ba haka ba su tafi, kuma tafiyar ba wuya a wajensu tunda jirgi ba gini ba ne, gobe sai su kai shi wata ƙasa. A 2025 Ryanair ya janye daga wasu ƙananan filayen Sifaniya irin su Jerez da Valladolid kan rigimar kuɗin fili. Kamfanonin yanki su ma ba su da tabbas, Flybe da ke haɗa Newquay da Landan ya durƙushe a Maris 2020 dare ɗaya. Ban ce a kori baƙi ba fa, kuɗinsu yana taimakawa ƙwarai, amma su zama ƙari a kan abin da aka gina don 'yan gari, majinyaci, ɗalibi, ma'aikacin da ke zuwa aiki a teku, likitan da ke zuwa sau ɗaya a mako, ɗan kasuwar da ke son ya je birni da safe ya kwana a gidansa. Su waɗannan jirgi mai kujera 40 ko 70 ya ishe su, in dai zai tashi da sassafe ya dawo da yamma kuma ba zai riƙa ba su kunya ba.

Dabarar da mutanen Noto suka yi tun buɗe filinsu a 2003 ta burge ni. Suka yi yarjejeniya da kamfanin ANA kan jirage biyu a rana zuwa Tokyo, aka sa ma'auni na cikar kujeru, in an gaza kaiwa yankin zai biya kamfani, in an wuce kamfani zai ba yankin wani abu. Sai ya zama kowa a garin yana da ruwa da tsaki a cikar jirgin, hukumomi suna rage wa mazauna kuɗin tikiti suna tallata yankin, ba wai an miƙa wa kamfani kuɗi an koma gefe ana kallo ba.

Ta fannin rage kashe kuɗi kuma akwai hasumiyar nesa, wato a riƙa kula da sauka da tashin jirage daga wani gari daban. Garin Örnsköldsvik da ke gaɓar Suwidin shi ne na farko a duniya, tun Afrilun 2015 ba kowa a hasumiyarsa, kyamarori ne a kan dogon ƙarfe suna aika hoto zuwa Sundsvall mai nisan fiye da kilomita 100, a can mai kula da jirage ke zaune gaban sikirin yana ba da izinin sauka. Norway ta tara na filaye da yawa a cibiya ɗaya a Bodø. Yana rage tsada, amma ni ina jin zafin abu ɗaya, aikin hasumiya yana cikin 'yan ayyuka masu albashi mai kyau a irin waɗannan garuruwan, in ya koma birni iyali guda ne suka bar gari, kuma garin da ake ƙoƙarin riƙewa ke nan.

Matsalar da ke tafe yanzu ta jiragen ce kansu. Jirgin Dash 8-100 mai kujera 39 da Widerøe ke sauka da shi a titin mita 800, tun 2005 aka daina ƙera shi, gyara ake ta yi ana ƙara masa kwana. Kamfanin ATR ya fara aikin wani samfurin ATR 42 da zai iya irin wannan gajeren titi, a ƙarshen 2024 ya ce ya fasa don kasuwar ba ta kai ba. Jirage masu batir da ake ta magana har yanzu ƙanana ne kuma ba su fara jigilar fasinja a irin waɗannan hanyoyin ba. Wanda ya rage shi ne a ƙara tsawon titi, a bakin teku kuwa hakan na nufin a fasa dutse ko a cike ruwa, ko a yi irin na Madeira da a shekarar 2000 suka ɗora ƙarin titinsu a kan ginshiƙai 180. Ƙaramin gari ba shi da wannan kuɗin, shi ya sa a Norway ake ta maganar a haɗe filaye biyu ko uku a gina ɗaya babba a tsakiya, wanda ke nufin wasu garuruwan za su koma tuƙin awa ɗaya ko biyu kafin su hau jirgi, a kan hanyoyin da ƙanƙara da zaftarewar ƙasa ke rufewa lokacin sanyi.